Alkawari Kaya Ne: Tsokaci a Kan Ƙa'idojin Kwas ɗin Kemistiri na Zango na Biyu

Gabatarwa

A kowace shekara, da zarar an komo daga hutun ƙarshen zango na farko, dubban ɗaliban aji ɗaya a jami'o'in Nijeriya sukan yi rajistar wani kwas mai lamba CHM 102, wato kashi na biyu na gama-garin ilmin kemistiri, tare da abokin tafiyarsa CHM 108 wanda ake gudanarwa a ɗakin gwaje-gwaje. Masu burin zama likitoci, da masu haɗa magunguna, da injiniyoyi, da malaman gona, da likitocin dabbobi, da malaman kimiyya na makarantun sakandare, duk ta wannan ƙofa suke shigewa. Wanda ya faɗi a nan, to, ko dai ya sake ɗaukar kwas ɗin a shekara mai zuwa, ko kuma, idan yana cikin fannonin da ba a ɗaga ƙafa kamar likitanci, ya rasa gurbinsa a sake masa fanni.

Wannan kwas yana tafe da ƙa'idoji waɗanda kowane ɗalibi yake jin labarinsu tun makon farko: yawan laccar da dole ne a halarta kafin a shiga jarrabawa, da dokokin ɗakin gwaje-gwaje, da yadda ake raba maki, da hukuncin wanda aka kama da satar amsa. Ɗalibai da dama suna kallon waɗannan ƙa'idoji tamkar tarko ne da aka ɗana domin a rage yawansu. Wasu malamai kuma suna ɗaukarsu a matsayin bulalar da aka miƙa musu. Ra'ayin da wannan maƙala take son tabbatarwa shi ne, ƙa'idojin sun samo asali ne daga halin shi kansa ilmin, saboda haka bai kamata a sassauta su ba, amma kuma alkawari ne tsakanin ɓangare biyu, kuma ba a da ikon tsananta wa ɓangare ɗaya alhali ɗaya ɓangaren bai cika nasa ba.

Mai karatu yana iya tambayar abin da ya haɗa mujallar sashen Hausa da batun kemistiri. Amsar ba ta da nisa. Ƙa'idojin da ake magana a kansu kusan su ne suke hawa kan kowane kwas a jami'a, har da na nahawu da na adabi, sai dai a kemistiri ne aka fi ganin sakamakon karya su a fili. Bayan haka, wanda ya fito daga wannan kwas shi ne gobe zai auna maganin da ɗan kowa zai sha.

Abin da Kwas ɗin ya Ƙunsa

Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1962, ita ce dokar 1985 ta ba ikon tsara mafi ƙarancin abin da za a koyar a kowane fanni. A sabuwar manhajar da ta ƙaddamar a watan Disamba na 2022, an ba CHM 102 awa 30 na lacca, aka ba CHM 108 awa 45 na aikin hannu, a cikin zangon da ake sa ran zai ɗauki mako 15 ana koyarwa. Zango na farko ya riga ya gabatar da ƙwayar zarra, da teburin da Mendeleev ya fara tsarawa a 1869, da lissafin yadda sinadarai suke haɗuwa. Zango na biyu kuwa mafi yawansa a kan sinadaran kabon yake.

Ana fara shi da tarihi, daga shekarar 1828 da Bajamushen nan Friedrich Wöhler ya haɗa sinadarin yuriya a ɗakin gwaji, abin da a da ake zaton sai jikin mai rai ne kaɗai yake iya samarwa, wanda a yau manomi yake saye a buhu ya zuba wa masara. Ana taɓo sabon nau'in kabon mai siffar ƙwallo, mai ƙwaya 60, wanda aka gano a 1985. Daga nan sai a shiga hanyoyin tace sinadarai, da tsarin ba su suna, da yadda suke sauyawa daga wannan zuwa wancan, sa'an nan a bi dangogi goma sha ɗaya na sinadaran kabon ɗaya bayan ɗaya. A ƙarshe a kwatanta wasu rukunan teburin: rukunin sodiyam da fotashiyam, waɗanda Bahaushe ya daɗe da saninsu a cikin gishiri da kanwa da toka, rukunin kalsiyam, wanda yake cikin dutsen da ake yin siminti da shi a Sakkwato, da rukunin kabon, wanda ya haɗa da silikon da kuza da dalma. Ana rufewa da gabatar da ƙarafa irin su baƙin ƙarfe da jan ƙarfe.

Duk wanda ya raba wannan kaya a kan awa 30 zai ga cewa da wuya dangi ɗaya ya sami fiye da awa biyu. Wannan lissafi shi ne mabuɗin fahimtar ƙa'ida ta farko.

Ƙa'idar Halartar Lacca

Mafi yawan jami'o'in ƙasar nan sun tanadi cewa ɗalibi ba zai zauna jarrabawar kwas ba sai ya halarci kashi 75 cikin ɗari na laccocinsa. A kwas mai awa 30, wanda ya rasa awa takwas ya fita daga layi ke nan. Ɗalibai sukan ce ai manya ne su, kuma abin da malami zai faɗa yana cikin littafi. Wannan hujja tana iya tsayawa a kwas ɗin da batutuwansa suke zaman kansu, amma ba ta tsayawa a nan, domin kuwa kowane mako a kan na bayansa aka ɗora shi.

Babu wanda ya fi ɗalibin Hausa cancantar gane wannan, saboda sunayen sinadaran kabon darasi ne na ginin kalma. Wanda ya zauna wannan darasi ya san cewa kalmar marini ta ƙunshi ɗafa-goshi ma-, da saiwa rin-, da ɗafa-ƙeya -i, kuma idan aka sauya wasalin ƙarshe ta koma marina, to tana nufin wurin sana'ar ko kuma jam'in masu yin ta, gwargwadon karin sautin da aka ɗora mata. Haka masana kemistiri suka tsara nasu sunayen, tun daga taron da suka yi a birnin Janeba a 1892, wanda ƙungiyarsu ta duniya da aka kafa a 1919 ta ci gaba da faɗaɗawa. Saiwar suna tana faɗin yawan ƙwayoyin kabon. Kamar yadda ake rubuta su a littattafai, meth- ɗaya ne, eth- biyu, prop- uku, but- huɗu. Ɗafa-ƙeya kuma yana faɗin irin ɗaurin da yake tsakaninsu, ko ɓangaren da yake ba sinadarin halinsa.

Alal misali, a ɗauki saiwar eth- kaɗai. Ethane iska ce mai ɗauri ɗaya tsakanin kabon biyun, ana samunta a cikin iskar gas ta ƙarƙashin ƙasa. Ethene mai ɗauri biyu ce, ita ce 'ya'yan itace suke fitarwa su nuna, kuma da ita ake yin leda. Ethyne mai ɗauri uku ce, ita ce mai walda yake samu idan ya zuba ruwa a kan kabaid. Harafi ɗaya ne ya raba sunayen nan uku, kamar yadda lanƙwasa ɗaya ta raba baki da baƙi. Har ila yau, ethanol barasa ce, idan hanta ta sarrafa ta sai ta koma ethanal, daga nan ta koma asid ɗin ethanoic, wato abin da yake sa ruwan khal tsami. 'Yar'uwarta methanol, wadda kabon ɗaya tak ya raba su, idan ta bi wannan hanya sai ta koma methanal da asid ɗin methanoic, waɗanda suke lalata jijiyar ido su makantar da mutum ko su kashe shi, kamar yadda ya faru ga mutane da dama da suka sha gurɓatacciyar barasa a jihohin Ondo da Ribas a 2015.

To, ɗalibin da ya tsallake makonni biyun da aka koyar da wannan tsari, duk laccar da ta biyo baya zai riƙa jin ta ne kamar wanda aka ajiye a kasuwar da bai san harshenta ba. Abin da ya rage masa shi ne haddar ɗaruruwan sunaye a daren jarrabawa, alhali da ya san ƙa'idar da ya iya gina su da kansa. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Saboda haka ƙa'idar kashi 75 tana da tushe, kuma ɗalibin da yake ba abokinsa lambarsa ya sa masa hannu a takardar halarta, kansa yake cuta kafin ya cuci kowa.

Ƙa'idojin Ɗakin Gwaje-gwaje

Dokokin ɗakin gwaje-gwaje su ne suka fi kama da son takura wa mutane, kuma su ne suka fi kowaɗanne dalili. Ana hana shiga sai da farar riga da tabarau na kariya da takalmi mai rufe ƙafa. Ana hana ci da sha. Ana hana zuƙo ruwan sinadari da baki ta bututun awo. Kowace ɗaya daga cikinsu tana da bayani. An ce a zuba asid a cikin ruwa sannu a hankali, kada a taɓa zuba ruwa a cikin asid, saboda asid ɗin sulfur mai ƙarfi, wanda tsarmammensa ne ake kira ruwan batir, ya fi ruwa nauyi kuma yana fitar da zafi mai yawa idan sun gamu. Idan ruwan ne aka zuba a sama, sai ya tsaya a kai ya tafasa nan take ya fantsama a fuskar mai zubawa. An ce kada a buɗe kwalbar ita a kusa da wuta, domin tururin wannan sinadari ya fi iska nauyi, yana bin saman tebur ya tarar da fitilar gas da take can nesa ya kama. An ce a tattara duk wata tufa mai reto, saboda hannun babbar riga ko gefen mayafi yana iya share kwalba ko ya taɓa harshen wuta, kuma yadin roba narkewa yake yi ya manne a fata. Wannan ƙa'ida ba ta bukatar kowa ya bar suturarsa, abin da take nema shi ne a cusa mayafi ko hijabi a cikin farar riga a ɓalle maɓallai. Idan aka yi wa ɗalibai bayanin haka tun ranar farko, da an kauce wa rigingimu da yawa a bakin ƙofa.

Akwai wata ƙa'ida da ta fi waɗannan duka nauyi, ko da yake ita aka fi rainawa, wato rubuta abin da ido ya gani a cikin rahoton gwaji. A ɗauki gwajin narkewa. Asid ɗin benzoic mai tsabta yana narkewa a digiri 122 na ma'aunin santigireti, kuma a tashi ɗaya. Idan akwai gurɓata a cikinsa, sai ya fara narkewa ƙasa da haka, ya ɗauki digiri da yawa kafin ya gama. Ɗalibin da ma'auninsa ya nuna masa 115 zuwa 119, amma ya buɗe littafi ya kwafi 122 don ya sami maki, ya goge ainihin saƙon da gwajin ya kawo masa, wato cewa abin da ya tace bai tatu ba. A idon ɗalibi wannan ƙaramin abu ne, tun da ba wanda ya mutu. Amma hannun da ya saba da gyara lamba a aji ɗaya shi ne zai riƙe alƙalami a masana'antar magani bayan shekara shida.

Ƙasar nan ta ga abin da hakan yake jawowa. A ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009, yara 84 suka mutu bayan an ba su wani maganin fitar haƙori wanda aka haɗa da diethylene glycol, sinadari mai lalata ƙoda, a maimakon propylene glycol da ake amfani da shi a magunguna. Dukansu biyu ruwa ne garau mai kauri mai ɗan zaƙi, ido ba ya raba su, gwaji ne kaɗai yake rabawa. A 2010 kuma, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, yara fiye da 400 suka rasu saboda ƙurar dalma da ta fito daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Dalma tana cikin rukunan da wannan kwas yake koyarwa a makonninsa na ƙarshe, waɗanda su ne ake fara yankewa idan lokaci ya ƙure. Duk mai ganin tsananin da ake yi a kan gaskiyar rahoto ya yi yawa, ya kamata ya tuna da waɗannan yara.

Rabon Maki da Satar Amsa

A yawancin jami'o'i, gwaje-gwajen tsakiyar zango da aikin gida suna ɗaukar kashi 30 ko 40 cikin ɗari na maki, jarrabawar ƙarshe ta ɗauki sauran. Hikimar wannan rabo ita ce ɗalibi ya san matsayinsa tun da sauran lokacin gyara, kuma kada makomarsa ta rataya a kan awa biyu na rana ɗaya da zazzaɓi zai iya ɓatawa. Wannan tsari mai kyau ne, kuma ɗalibin da ya yi wasa da makin tsakiyar zango ya shiga jarrabawa da ƙafa ɗaya.

Game da satar amsa, babu wani uzuri da za a kawo. Amma yana da kyau a lura cewa tsananin hukunci kaɗai bai taɓa kawar da ita ba. Dokar soja mai lamba 20 ta 1984 ta tanadi ɗaurin shekara 21 ga mai maguɗin jarrabawa. Dokar 1999 da ta biyo baya ta tanadi tara da ɗauri. Jami'o'i kuma suna korar ɗalibai a kowace shekara. Duk da haka abin bai gushe ba, sai ma sababbin hanyoyi da suka ƙaru, daga wayar hannu zuwa manhajojin kwamfuta irin su ChatGPT, wanda ya fito a ƙarshen 2022, masu iya rubuta wa ɗalibi aikin gida cikin daƙiƙa kaɗan. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Inda ake maimaita tambayoyin bara kalma da kalma, inda ɗalibi ya tabbata ba wanda zai karanta rahotonsa, inda mutum ɗari biyar suke rubuta gwaji a kafaɗar juna, to an buɗe ƙofa, kuma wannan ya kawo magana ga ɗaya ɓangaren.

Ɗaya Ɓangaren Alkawarin

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kowace ƙa'ida da aka ɗora wa ɗalibi tana da takwararta a wuyan malami da sashe da hukumar jami'a, ko da ba a rubuta ta a allon sanarwa ba.

Wanda ya ce sai an halarci kashi 75 na lacca, ya ɗauki alkawarin cewa laccar za ta gudana. Idan awa 30 aka tsara amma 18 aka yi, saboda malami ya yi tafiya, ko an makara da fara zango, ko an matse shi kamar yadda jami'o'i da yawa suka yi bayan yajin aikin malamai na Maris zuwa Disamba 2020 da na Fabrairu zuwa Oktoba 2022, to kashi 75 na me ake lissafawa? Kuma da wane adalci za a yi tambaya a kan rukunin dalma ko ƙarafa alhali ba a kai wurin ba? Haka nan, halarta tana nufin ɗalibi ya sami wurin zama ya ji abin da ake faɗa. Mizanin da Hukumar Kula da Jami'o'i ta sa a fannin kimiyya shi ne malami ɗaya ga ɗalibi 20. Kwasa-kwasan aji ɗaya sun yi nisa da wannan mizani, domin ɗaruruwa ake tarawa a zaure ɗaya. Wanda ya tsaya a bayan taga, ba lasifika, allo kuma ya yi masa nisa, an rubuta shi a cikin mahalarta amma bai halarci komai ba.

Wanda ya ce sai an rubuta abin da ido ya gani, ya ɗauki alkawarin cewa ido zai ga wani abu. Ruwan bromin mai launin ruwan goro yana washewa idan ya gamu da sinadari mai ɗauri biyu. Gwajin Tollens yana shafe cikin kwalba da azurfa kamar madubi idan sinadarin na dangin ethanal ne. Sodiyam yana mayar da harshen wuta rawaya. Waɗannan abubuwa ne da gani ya kori ji a kansu. Idan mutum ashirin suka kewaye kwalba ɗaya, ko aka ce babu sinadarin, a kwafi sakamako daga allo, to sashen da kansa ne ya koyar da darasin farko na ƙirƙirar sakamako, kuma bakinsa ya yi nauyi wajen hukunta wanda ya ƙware a darasin. Haka kuma dokar sa tabarau ba ta cika ba sai akwai ruwa a famfo da za a wanke ido, da na'urar kashe gobara mai aiki, da ƙofar da za a iya fita ta cikinta da gudu.

Wanda ya raba maki tsakanin gwaji da jarrabawa, ya ɗauki alkawarin mayar da takardun gwaji a kan lokaci. Makin da ɗalibi bai gani ba sai bayan an liƙa sakamakon ƙarshe ya rasa amfanin da aka ƙirƙire shi dominsa. Akwai kuma batun jarrabawar kwamfuta ta zaɓi ɗaya cikin huɗu, wadda jami'o'i da yawa suka koma gare ta a kwasa-kwasan aji ɗaya saboda yawan ɗalibai. Tana da saurin fitar da sakamako, kuma ta rage zargin son kai. Sai dai ba ta iya nuna ko ɗalibi zai iya zana siffar sinadari da hannunsa, ko ya bayyana mataki-mataki yadda wannan ya koma wancan, alhali wannan shi ne zuciyar kwas ɗin. Idan ba makawa sai an yi ta, ya kamata aƙalla gwaji ɗaya na tsakiyar zango ya zama na alƙalami da takarda.

Daga ƙarshe, ƙa'ida ta gari tana faɗin abin da za a yi wa mai uzuri na gaskiya. Rashin lafiya, da rasuwar mahaifi, da haihuwa, abubuwa ne da suke faruwa a kowane zango. Idan ba a rubuta hanyar neman gwajin ramuwa ba, da takardar da ake bukata, da kwanakin da aka ɗiba, sai abin ya koma roƙo a bakin ofis, inda mai baki da mai sanayya suke samu, mai kunya ya rasa. A irin wannan duhu ne ake samun tilasta sayen takardun lacca, da abin da ya fi haka muni ga ɗalibai mata.

Uzurin da Ake Kawowa

Malamai suna da amsa, kuma ya kamata a saurare ta. Ba su ne suke ƙayyade yawan ɗaliban da ake ɗauka ba. Ba su ne suke riƙe da kuɗin sayen sinadarai ba, waɗanda mafi yawansu daga waje ake shigo da su, kuma farashinsu yana bin faɗuwar darajar naira. Malami ɗaya da zai duba takarda dubu cikin mako biyu, tare da sauran kwasa-kwasansa da bincikensa, ba a yi masa adalci ba idan aka ce kasala ce ta hana shi mayar da takardu. Wannan gaskiya ne, kuma nauyin gina zaure da cika ɗakin gwaji yana kan hukumar jami'a da gwamnatin da ta mallake ta.

Sai dai ba duk abin da ake nema ba ne yake cin kuɗi. Rubuta ƙa'idojin kwas a shafi biyu a raba a makon farko ba ya bukatar kasafi. Faɗin ranakun gwaji tun da wuri ba ya bukata. Liƙa makin tsakiyar zango mako biyu kafin jarrabawa, da warware tambayoyin gwaji a gaban aji ko da ba a mayar da kowace takarda ba, da ware awa ɗaya a mako da ɗalibi zai tarar da malami a ofis, da cire abin da ba a koyar ba daga jarrabawa, duk waɗannan niyya suke bukata. Rashin kuɗi ya isa uzuri a kan abin da kuɗi yake saye, amma bai isa a kan waɗannan ba.

Shawarwari

Na farko, kowane sashen kemistiri ya fitar da rubutacciyar takardar ƙa'idoji ta CHM 102 da CHM 108, mai ɗauke da sa hannun shugaban sashe, wadda za ta jera abin da ake nema daga ɗalibi a gefe ɗaya, da abin da sashe ya ɗauki alkawarin yi a ɗaya gefen. Na biyu, a riƙa lissafa laccocin da aka gudanar kamar yadda ake lissafa ɗaliban da suka halarta, wakilin aji da malami su sa hannu tare. Na uku, kowace dokar ɗakin gwaji a rubuta ta tare da dalilinta. Na huɗu, a ba rahoton da ya faɗi sakamako maras kyau tare da bayanin abin da ya jawo shi maki fiye da wanda ya zo da lambar littafi ba bayani, domin ɗalibi ya gane cewa gaskiya ba ta sa a yi asara. Na biyar, a raba manyan azuzuwa zuwa ƙananan rukunan bita a ƙarƙashin ɗaliban digiri na biyu, inda wanda Ingilishi ya yi wa shamaki zai iya tambaya da harshen da ya fi ji. A nan sashen Hausa yana da rawar takawa. Masanan da suka samar da kalmomin nazarin harshe da adabi har aka buga su a littafi a 1990 suna da ƙwarewar da za su zauna da malaman kemistiri a fassara dokokin kariya da muhimman kalmomin kwas ɗin, a liƙa su a gefen na Ingilishi.

Kammalawa

An yi ƙoƙari a wannan maƙala a nuna cewa ƙa'idojin kwas ɗin kemistiri na zango na biyu suna da tushe a cikin ilmin kansa: halarta dole ce saboda batutuwan a sarƙe suke, dokokin ɗakin gwaji dole ne saboda asid da wuta ba su san uzuri ba, gaskiyar rahoto dole ce saboda rayukan mutane za su rataya a kanta. An kuma nuna cewa kowace ɗaya tana ɗora wa malami da sashe da hukuma nauyi daidai da wanda ta ɗora wa ɗalibi. Ɗalibin da yake neman a sassauta masa ya sani cewa sassaucin zai biyo shi har wurin aiki. Hukumar da take neman a bi dokarta kuma ta fara duba ko ta sauke nata kayan, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah ya ba malamai ikon riƙe amana, ya ba ɗalibai ilmi mai amfani, amin.